Laya a Bakin Jallabiya

Maryama tana durƙushe tana ninke kayan mijinta, surukarta Hajiya Rabi'atu ta tsaya a kanta da abaya a kafaɗa.

"Ke, yalla, yi sauri! Ziyarar awa ɗaya ce tak."

"Umma, in biyo ki mana, ko a bakin ƙofa ne in tsaya."

"Ki tsaya a matsayin wa? Iƙama gare ki, takardar zama? So kike a kwashe ki a mayar Nijeriya, ki bar ni da goyo?"

 A unguwar Jarwal ta Makka aka haifi Maryama, amma iyayenta hajji suka zo suka zauna, ba su bar mata ko guntuwar takarda ba. Aurenta da Hashimu ma a falo aka ɗaura, hukuma ba ta san da shi ba. Shi kuwa ɗan ƙasa ne, direban tasi a Hindawiyya. A hajjin bara ya fara haɗiyar ƙwayar hana barci don jigilar alhazai. Hajji ya wuce, ƙwaya ta zauna. Ranar da ya farfasa madubin ɗaki wai ana leƙensa ta ciki, ranar yayyensa suka kai shi asibitin masu shaye-shaye. Kwana arba'in ke nan ba ta ga ƙeyarsa ba.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba, ta karɓo laya wajen wata tsohuwa a unguwar Mansur, ta ɗinke ta a bakin jallabiyarsa. Tunda ƙafarta ba ta shiga, ta ce bari hannunta ya shiga.

Kafin la'asar Hajiya ta dawo, ta wurga mata jallabiyar a fuska, bakin rigar a farke.

"Mene ne wannan? Munafuka, mene ne wannan!"

"Umma, wallahi addu'a ce kawai..."

"Addu'a! Masu bincike suka laluba suka ji ƙulli, suka ɗauka ƙwaya na kawo wa ɗana. Ni! A gaban mutane aka sa almakashi. Da suka ga rubutu ɗayansu ya ce sihiri ne. Kin san abin da ake yi wa mai sihiri a ƙasar nan? Sai da na yi ta rantsuwa kamar ɓarauniya."

"Kin gan shi? Yana cin abinci?"

"Ina na gan shi? An soke masa ziyara wata guda, an hana shi waya. Kalas! Tattara ki koma wajen gwaggonki. Ranar da na gan shi, da takardar sakinki zan dawo."

Haka Maryama ta ɗauki 'yarta Manar a baya ta koma ɗakin gwaggonta a Mansur, tana taya ta suyar waina. Mata masu saye suna tambayar mijinta, tana cewa ya yi tafiya, su kalli juna. Gwaggo kuwa kullum magana ɗaya: "Ɗan ƙwaya ba ya warkewa, 'yar nan. Ki nemi kanki."

Rana ta talatin da biyu wayarta ta yi ƙara tana tsakiyar zuba ƙullu.

"Maryama."

"Abu Manar!" Muryar Hashimu ce. Ludayin ya faɗi. "Ka yafe mini, wallahi ban sani ba..."

"Minti biyar aka ba ni, saurara. Watan nan ya fi duka wuya. Kowace Alhamis ana kiran sunayen masu baƙi, ni ina kallon bango. Da safe a zauna a kewaye, kowa ya miƙe ya faɗi abin da ya lalata da hannunsa. Wani mai suna Turki da muke ɗaki ɗaya, zuwansa na huɗu ke nan. A na biyu matarsa ta tafi."

"Ni ba zan tafi ba."

"Umma ta zo jiya da takarda da biro. Na ce mata ban saki ba, ba kuma zan saki ba. Ta ce to kada in ƙara kiranta uwa."

Maryama ta toshe baki da mayafi.

"Kada ki yi murna tukuna. Likita ya ƙara mini wata uku. Kuma har yau ina mafarkin ƙwayar nan, in farka bakina yana nemanta. Ba zan yi miki alkawarin na warke ba. Na gaji da yi miki ƙarya."

"Tayyib. Zan jira."

"Kada ki ƙara ɗinka komai."

Ta yi dariya cikin kuka, layin ya yanke. Wainar ta ƙone a tanda, gwaggo tana ta sababi.

Abin da haƙuri ya samo wa Maryama ke nan: aure da bai mutu ba, da miji da ya daina yi mata ƙarya. Ba ta samu gida ba, ba ta samu suruka ba, ba ta kuma san wane mutum asibitin zai sako mata ba. 'Yan mata, ku ji da kyau: mai irin wannan ciwo ɓoye-ɓoye ne ya kai shi inda yake, don haka kada ku yi masa komai a ɓoye, ko da alheri ne. Wadda kuma ta ce za ta jira, ta jira da idonta a buɗe.