Ƙibar Aro

Ɗakinsu yana hawa na biyu, tagarsa ɗaya mai kallon gabas, kuma a bakin tagar nan Auta ta jera tukwanen shuka har bakwai. Da safe rana takan ratso ta cikin ganyen ta zubo a kan gado kore-kore, sai ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallo har shayinta ya huce. Mijinta kafinta ne, shagonsa yana ƙasan benen, ƙamshin katako yakan riga shi hawowa. Wata takwas ke nan da aurensu.

A lambun da take aiki ya fara ganinta, inda ake renon furanni da dashen itatuwa. Ya je kafa musu rumfa, ya same ta durƙushe tana cika ledoji da ƙasa tana magana da wata shuka kamar mutum. Aikin kwana biyu sai da ya ja shi mako guda. Tun daga lokacin yake kiranta 'Yar Lambu, ita kuma tana ce masa Oga.

Siririya ce, haka mahaifiyarta take, haka yayyenta. Abin bai taɓa damunsa ba, sai dai in ana iska za ta fita yakan ce ta saka gudumarsa a jaka, kada a neme ta a rasa. Takan yi dariya ta wurga masa filo.

Wadda abin ya dama ita ce yayarsa. Ita ta riƙe shi tun yana ɗan shekara tara da iyayensu suka rasu, ita ta kai shi koyon sana'a, don haka maganarta a wurinsa maganar uwa ce. Mace ce mai jiki da fara'a, kuma tana son Auta yadda ta iya so. Duk ƙarshen mako takan hawo benen tana hutawa a hanya, ta zauna tana fifita da mayafi.

Wata rana Kafinta ya sauka shago, Yaya ta kamo tsintsiyar hannun Auta ta zagaye da yatsu biyu, ta girgiza kai.

"Mutane suna magana fa, ƙanwata. Cewa suke ɗan'uwana ba ya ciyar da ke."

Auta ta ce wallahi tana ci, jikin ne haka. Yaya ba ta saurare ta ba. Ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar leda cike da ƙananan ƙwayoyi farare, babu kwali babu suna, ta danƙa mata a tafin hannu. Ta ce ɗaya da safe ɗaya da yamma, kafin wata biyu za ta cika ta yi kyau kamar kowace matar aure.

"Amma kada ki faɗa masa. Maza ba su san kan irin wannan ba. Kin yi mini alkawari?"

Auta ta kalli fuskar matar da ta raini mijinta, ta ga babu mugunta a ciki, ta ce ta yi.

Ta ɓoye ledar a ƙarƙashin tukunyar shuka ta uku. Makonnin farko kamar a mafarki suka wuce. Yunwa ta buɗe mata, kumatu suka fito, riguna suka fara kama ta. Yaya ta riƙa juya ta a tsakar ɗaki tana murna, maƙwabta suna cewa aure ya karɓe ta. Kafinta dai kallonta kawai yake yi, wani lokaci ya tambaye ta ko lafiya, ta ce ƙalau.

Daga baya sai abin ya sauya launi. Fuskarta ta zama zagayayya har ba ta gane kanta a madubi, ciki ya yi tudu, amma hannaye da ƙafafu suna nan sirara. Ƙuraje suka feso mata, wasu 'yan gashi suka tsiro a haɓa, tana tsige su a ɓoye. Barci ya ƙi ta. A lambu takan tsaya da butar ban ruwa a hannu, ruwa yana malala, hankalinta ya tafi wani wuri da ita ma ba ta sani ba. Abu kaɗan sai kuka. Ranar da Kafinta ya tambaye ta inda ta ajiye cajar waya, tsawar da ta daka masa har yau tana jin kunyarta. Ya sauka shago ya yi ta goge katakon da ya riga ya goge.

Sannan al'adarta ta ɗauke, wata ɗaya, biyu, uku.

Yaya ce ta fara lissafi, kuma ita ta yanke hukunci: ciki ne. Ta ce shi ya sa fushin, shi ya sa kumburin. Kafin mako ya zagayo dangi duka sun ji. Auta ma ta yarda, don tana so ta yarda. Takan kwanta da rana tsaka ranar hutu ta ɗora hannu a cikinta, tana ganin wata 'yar yarinya mai ƙananan yatsu tana tona mata tukwanen shuka. Kafinta ya ware katako mafi laushi a shagonsa ya fara ƙera ɗan gadon jariri, yana aiki yana waƙa ƙasa-ƙasa.

Ranar da suka je asibiti yin sikanin, wato hoton ciki, mai hoton ta daɗe tana zagaya na'urar, sannan ta ce a hankali babu ciki, kuma babu alamar an taɓa samu. Aka ɗebi jinin Auta aka ce su dawo bayan mako guda su ga likita.

A wannan makon gidan ya kusa rushewa. Yaya ta hawo benen ko hutawa ba ta yi ba, ta ce an kunyata ta a gaban dangi. Ta ce mace ba ta wata uku babu al'ada a ce babu komai, ko dai Auta ƙarya ta yi musu tun farko, ko kuwa akwai abin da ta yi wa cikin. Ko a ranta ba ta kawo ƙwayoyin ba, don a wurinta maganin ƙiba ne kawai. Auta, wadda ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, ta ji wani abu ya taso mata, ta ce Yaya ta fita mata daga ɗaki.

Yaya ta juya ga ƙanenta.

"Ka ji ko? Ni ake kora. To ka mayar da ita gidansu ta koyo tarbiyya, in ba haka ba kada ka ƙara taka ƙofata."

Kafinta ya durƙusa a gabanta kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ya ba ta haƙuri a madadin matarsa, ya ce duk abin da ta umarce shi zai yi, ban da wannan. Ya ce wannan ba halin 'Yar Lambu ba ne, kuma ba zai kori mara lafiya ba. Yaya ta sauka tana kuka, Auta tana kuka a bayan ƙofa, shi kuma yana tsaye a tsakiyar matakala bai san wadda zai bi ba.

Likitar da suka gani dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta duba takardun, ta duba fuskar Auta da jajayen layukan da suka tsaga mata ciki, sannan ta tambaye ta kai tsaye wane magani take sha. Auta ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta buɗe jaka ta ajiye ledar a kan tebur.

Likita ta ce dama ta yi zaton haka. Ta yi musu bayani cewa a jikin mace akwai sinadarai da ake kira homon, su ke tsara al'ada da barci da yunwa, har da fushi da walwala, kuma kaɗan ya ishe su su rikice. Rashin barci yana rikita su, damuwa mai tsawo, yawan zaƙi, ciwon maƙoƙo, matsalar ƙwan mace, ko shekaru idan suka ja. Na Auta kuwa ƙwayar ce. Ta ce da alama sitiroid ce, magani mai ƙarfi da ake ba masu wasu cututtuka na ɗan lokaci bisa kulawar likita, kuma abin da take sa wa mai lafiya kumburi ne da kitse, tana taɓa sukari da jini da ƙashi.

Auta ta ce yau za ta zubar da su. Likita ta ɗaga hannu.

"A'a, 'yata. Jikinki ya saba da aro, ya rage yin nasa. In kika yanke rana ɗaya za ki iya faɗuwa. Sannu-sannu za mu rage, ni zan rubuta miki."

A hanyar gida Kafinta ya tambaye ta wa ya ba ta. Ta ce wata ce. Ya sake tambaya da suka hau sama, ta ce ya yi mata haƙuri, ta yi alkawari. Ta san in ta faɗa, abin da ya rage tsakaninsa da yayarsa zai tsinke, kuma ba ta so a ce ta dalilinta ya rasa uwa karo na biyu. Ransa ya sosu, kwana biyu maganarsa gajera ce. A rana ta uku ya kafe takardar likita a bango da ƙusa huɗu, ya ce, "To, 'Yar Lambu, mu fara."

Ɗan gadon ya ba wani maƙwabci da matarsa ta haihu. Suka koma kwanciya da wuri, wayoyi a waje. Lemon kwalba da biskit suka bar gidan, aka rage gishiri, aka ƙara ganye da wake da ƙwai da kifi. Kullum da sassafe yakan raka ta lambu a ƙafa, tafiyar rabin awa, titi babu kowa sai masu shara da tsuntsaye. Makonnin farko ƙafafunta nauyi suke, gaɓoɓi suna ciwo, wata rana ta zauna a bakin hanya ta ce ta gaji da komai. Ya zauna kusa da ita bai ce ta tashi ba, suka yi ta kallon hasken safiya yana sauka a kan rufin gidaje har ta miƙe da kanta. Likita ta ce ta nemi abin da zai kwantar mata da hankali, sai ta koma hira da shuke-shukenta, kuma a hankali ta fara jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar da.

Duk mako Kafinta yana zuwa gaida Yaya. Takan bar shi a tsaye, ta amsa da kalma ɗaya. Sai a wata na huɗu ta tambaye shi, tana kallon gefe, wai ya jikin matar tasa. Ya ba ta labarin komai, har da abin da likita ta ce ƙwayar tana yi wa sukari da ƙashi. Ya ce wata muguwa ce ta ba ta, kuma ta ƙi faɗin sunanta ko da ya yi fushi. Ya lura fuskar Yaya ta sauya, amma ya ɗauka fushin ne.

Washegari Auta tana cikin rumfar dashe, rana tana tsiyayowa ta ragar rufi, ta ɗago ta ga Yaya tsaye tsakanin layukan furanni tana dafe da ƙugu. Ta yi sauri ta kawo mata kujera ta durƙusa ta gaishe ta. Yaya ta daɗe tana kallon fuskarta da ta fara komawa yadda take.

"Me ya hana ki faɗa masa?"

"Ke kika raine shi, Yaya. Kuma na san ba cuta ta kika yi nufi ba."

Hawaye suka zubo wa Yaya. Ta ce ita ma siririya ce a da. Dangin mijinta ne suka yi ta yi mata dariya har wata ta kawo mata ƙwayar, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan tana sha tana bari tana komawa. Ciwon bayan nan, da ƙishirwar da ba ta ƙarewa, da jirin da take ji duk sanda ta daina, ba ta taɓa haɗa su da ita ba. Ta ce ta so ne ta tsare Auta daga bakin mutane, sai ga shi ita ce ta zama bakin.

Auta ta riƙe hannunta ta roƙe ta gafarar korar da ta yi mata, sannan ta ce kada ta kuskura ta daina ƙwayar da kanta, gobe tare za su je wurin likita. Da yamma Yaya ta hau benen, ta zaunar da ƙanenta ta faɗa masa da bakinta. Ya daɗe kansa a ƙasa. Da ya ɗago, matarsa ya kalla, irin kallon da ya sa ta tashi ta shige kicin wai za ta duba ruwan zafi.

Jinyar Yaya ta fi tsawo, don an sami sukari da hawan jini, kuma dole ta haɗa da magani. Amma tafiyar safe ta zama ta mutum uku, biyu a gaba suna rage sauri, ɗaya a baya tana mita tana ba su dariya. A wata na bakwai, wata safiya, Auta ta fito daga banɗaki ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi da hawaye, ta ce yau ba za ta iya tafiya mai nisa ba, mararta ke ciwo. Kafinta ya tsorata, ya fara neman takalmi. Yaya da ke zaune tana jiransu ce ta gane, ta rungume ta tana hamdala, tana ce masa ya zauna, wannan ciwon na alheri ne, al'adarta ce ta dawo. Likita ta ce in al'adar ta zo wata uku a jere, su fara sa ran haihuwa. Ta kuwa zo.

Jikin da Allah Ya ba mace yana da tsarinsa, kuma surutun mutane bai isa a rikita shi ba. Wadda ta ga sauyi a jikinta ta nemi likita kafin ta nemi ƙwaya, ta ba jikin barci da abinci mai kyau da motsi da kwanciyar hankali. Wanda kuma ya ga halin matarsa ya sauya, ya fara tambayar lafiyarta kafin ya yanke mata hukunci. Kafinta ya yi haƙuri da fushin da ba nata ba, Auta ta yi haƙuri da zargin abin da ba ta yi ba, kuma da haka suka tsira da aurensu, suka tsira da Yaya.