Ɗaya Ko Biyu

"Ƙara faɗa in ji!"

Shekara ta dire tulunta a bakin rumfar dukancin Illa, har ruwa ya fantsama kan jar fatar da yake yanka.

Illa ya janye fatar tukuna, sannan ya ɗago kai. Haka Allah ya yi shi. Ko gobara ce ta kama rigarsa, sai ya fara tunanin ta ina ta taso.

"Sanyin idona, rage murya, kasuwa ce fa..."

"Na ce ƙara faɗa!"

"Cewa na yi... mu yi aiki da hankali."

"Hankali!"

"Babanki ya buga ƙasa a kan aurenmu, ta ce babu alheri. Ya sake bugawa, ta maimaita. Malam Isufu ne fa, wanda har daga Icirnawa ake zuwa zaurensa duba. Ni wane ne da zan ja da ƙasa?"

"To zuciyarka ita me ta ce?"

Ya sunkuyar da kai kan wuƙarsa.

"Ita kam ta hana ni cin tuwo tun ranar."

"Amma kana shan fura."

"Kaɗan..."

Ta so ta yi dariya, sai kuka ya riga ta.

Daidai nan Balki, 'yar kawun Illa, ta gifta da faifan dakuwa a kai, tana taku kamar ita ta share kasuwar Matameye.

"A'a, Yaya Illa! Ka bari tana tsaya maka a bakin rumfa? Kada ciniki ya gudu fa!"

Ta wuce tana murmushi.

Shekara ta bi ta da kallo. Ta san daga inda maganar ta fito. Malam cewa kawai ya yi babu alheri a auren. Kafin zancen ya kai kunnen Innar Illa, Balki ta sa masa gishiri da barkono: wai ƙasa ta gano Shekara farar ƙafa gare ta, duk gidan da ta shiga arziki ta taga yake fita. Inna ta rantse ba a gidanta ba. Yanzu ko a rijiya mata janye gugansu suke yi in ta matso.

Ga shi ayarin Damagaram zai tashi bayan kasuwa mai zuwa. Wani babban baduku a can ya yi wa Illa alkawarin gurbi a rumfarsa, Inna kuwa ta ce ba zai tafi gwauro ba. In ba Shekara, ga Balki a gida.

"Gobe da hantsi ka zo zauren Baba," in ji Shekara.

"In ce masa me?"

"Kai dai ka zo, masoyi. In ba ka zo ba... na fahimta."

Ta ɗauki tulunta da rabin ruwa ta tafi.

*

Tun rasuwar mahaifiyarta, Shekara ce ke tankaɗe wa Malam rairayin duba. Ita ce tuwonsa, ita ce wankinsa, ita ke gaya masa inda ya ajiye hularsa alhali tana kansa. Sunan uwarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata.

Ta san aikin kamar yadda ta san daka. A baza rairayi a faifai, a dangwala ɗige-ɗige da yatsa cikin sauri, jeri bayan jeri, sannan a bi ana kashe su bibbiyu. Abin da ya rage a ƙarshen jeri, ko ɗaya ko biyu. Shi ke nan. Aure, fatauci, ciwo, ɓatan akuya, duk a wurin rairayi ɗaya ne ko biyu.

"Abin da ya sa na fi yarda da ƙasa a kan mutum," Malam yakan ce, "ba ta da zuciya. Ba ta so, ba ta ƙi."

Sharaɗi guda ne: mai bugawa ba ya ƙirga. In kai ya san yawan ɗigon da yatsa ke yi, duba ya ɓaci, ra'ayinka kawai ka zana.

Ranar ta ƙona miya. Tana tuƙa tuwo tana tunanin abu ɗaya. Ta san jerin da ke nuna alheri. In Baba ya bar ta ta buga da kanta, ta ƙirga a ɓoye...

Ha'inci ne. Ta sani.

To Balki fa, da ayari, da rijiya?

*

Hantsi ya yi, Illa bai zo ba.

Ta leƙa ƙofa. Ta dawo. Ta sake leƙawa.

Sai ga shi, ya sha wanka kamar mai zuwa Idi, fuska kuwa kamar mai zuwa gaban alƙali. Ya tuɓe takalma ya durƙusa a bakin zaure.

"Allah ya gafarta Malam."

"Illa. Ai na ɗauka mun gama magana."

Shekara ta durƙusa ta ajiye faifan rairayi.

"Baba, alfarma nake roƙo. Aurena ne. A bar ni in buga da yatsana. Duk abin da ta ce, na yarda, ba zan sake ta da zancen ba."

Malam ya dube ta.

"Kin ji abin da kika ce, Uwata?"

"Na ji."

"Bismillah."

Ta miƙa yatsa. Sanyin rairayin ya ratsa ta har ƙafa.

Jerin farko ya tafi yadda take so.

Na biyu ma.

A na uku Illa ya yi ajiyar zuciya a bayanta, irin ta mutumin da ya kwana bai runtsa ba, sai kawai lissafin ya zube mata. Nawa ta yi? Ta ƙara ɗaya ne, ko ba ta ƙara ba? Yatsan bai jira ta ba, ya ci gaba da dangwala abinsa. Kafin ta ankara jeri ya ƙare, na bayansa ma sun bi.

Ta janye hannu.

Ba ta san abin da ta rubuta wa kanta ba.

Malam bai dubi faifan ba. Ita yake duba.

"Bakinki yana motsi, Uwata."

Ta kau da kai.

"Ƙirgawa kike yi. A zaurena!"

"Na ƙirga, Baba... kuma na ɓata." Hawaye ya zubo. Ba ta yi niyyar faɗin sauran ba, shi ya fito da kansa. "Amma naka ma yana motsi. Duk bugun da ka yi a kan aurena ina tsaye ina riƙe da buta. Duk wanda kake buga wa, bakinka a rufe. Ni kaɗai ce in ka zo kaina leɓenka ke rawa."

"Ni?"

"Kai, Baba."

"Shekara talatin ina..." Ya tsaya. Ya ɗaga yatsansa ya ƙura masa ido, kamar bawan da ya kama yana masa sata. Can ya ce, a hankali, ba da kowa ba, "Damagaram da nisa."

A waje wata tunkiya ta yi kuka.

Malam ya jawo faifan don ya fara kashe ɗigon. Shekara ta runtse ido.

"Allah ya gafarta Malam!"

Illa ne. Muryarsa ta fito da ƙarfin da shi kansa sai da ya tsorata.

"Kafin a karanta... na kwana ina lissafi. In na aure ta, wataƙila in sha wuya. In ban aure ta ba, tabbas zan sha, don na fara. To ko a ciniki, wataƙila ta fi tabbas sauƙi. Ko me ƙasa ta ce, ita nake so. Inna ma zan gaya mata haka." Ya sassauta murya. "In Malam zai raka ni."

Wannan shi ne zancen soyayya mafi zafi da Illa ya taɓa yi a rayuwarsa, kuma ga tsoho ya yi shi.

Malam ya dubi saurayin. Ya dubi 'yarsa, wadda ta toshe baki da gefen zane. Sannan ya sa tafin hannu ya shafe rairayin gaba ɗaya.

"Baba!"

"Kin ƙirga, na ƙirga. Ba sauran mai bakin tambayarta a gidan nan." Ya miƙe yana gyara rawani. "Miƙo sandata. Zan je in gaya wa uwar yaron nan ƙafarki ba ta da laifin komai. In akwai mai laifi, yatsana ne. Balki kuma a kira ta ta ji da kunnenta, tun da ita ce mai raba zancen a gari."

Shekara ta kifa kai a ƙafafunsa tana kuka.

"Tashi, tashi. Ki adana na ranar tafiya, ni ma a nan zan yi nawa."

Sun kai bakin ƙofa ke nan Illa ya waiga ya dubi faifan da aka shafe.

"Allah ya gafarta Malam... amma da an karanta, me za ta ce?"

Malam ya tsaya cak. Ya juyo wurin 'yarsa.

"Uwata, kin tabbata wannan kike so?"

Ta share hawaye, dariya na ƙwace mata.

"Shi, Baba."

"To Allah ya ba ki haƙuri. Wuce mu tafi, Illa."