Ranar da Janar Ya Tsare Gida

"Na ce ba za mu je ba, Malam! Ko dole ne?"

Yana tsaye a bakin ƙofarmu, kankana a hannu ɗaya, tabarma a naɗe a hammata, yana murmushi kamar ba da shi nake ba. Malamin lissafi ne a makarantar 'yata. Saboda tsawonsa yara ke ce masa Malam Dogo, kuma shi ne mutumin da ya daɗe yana jiran amsar bakina.

"Ranki ya daɗe, ai ba ke na yi wa alkawari ba," ya ce. "Janar na yi wa. Kin taɓa ganin an saɓa wa soja an kwana lafiya?"

Janar ɗana ne, shekararsa biyar. Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi yana goye, ƙafafunsa ba su taɓa ɗaukarsa ba. Babansa, Allah Ya jiƙansa, shi ya laƙaba masa sunan, saboda yadda yake ba kowa umarni daga zaune. Yayarsa kuwa Rediyo muke ce mata, don ko barci take yi bakinta ba ya hutawa.

Na rage murya. "Malam, hutun bara na kai su lambun shaƙatawar nan. Yara suna ta lilo, shi yana kan kekensa yana kallo. Wata mata ta zo ta ajiye masa sadaka a cinya... A hanya ya ce mini, 'Mama, me na yi mata ta ba ni?' Ba zan sake ba!"

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Amma bai matsa daga ƙofar ba.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne maganar da Umma, mahaifiyata, ta yi mini da safen nan tana shanya kaya.

"Ki aure shi, 'yar nan, ki bar mini Janar. Namiji komai kirkinsa, ɗan wani nauyi ne, balle wanda sai an ɗauka. Kada ki kai masa abin da zai gundure shi da ke."

Ban musa mata ba, amma na riga na yanke hukunci. Ba auren da zai raba ni da ɗana. Yau zan sallami Malam, ko da zuciyata za ta tsage.

Sai ga ƙarar keke daga ɗaki. Janar ya turo kansa, ya sa hularsa a karkace, Rediyo na biye da shi da takalma a hannu.

"Malam Dogo, ka makara! Mama, ɗauko ruwa. Yaya, tura ni!"

Wa zai ce a'a?

Rana ta take sosai da muka isa, amma lambun cike yake da inuwa. Iyalai sun baje tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyi, jarirai na rarrafe a kan ciyawa, agwagi na iyo a ɗan tafkin da ke tsakiya. Mai askirim sai matsa ƙahonsa yake yi, yara na binsa kamar ƙudaje.

Ko nisa ba mu yi ba tayar keken ta nutse a yashin wurin lilo. Na ja na tsaya. Ga shi nan, an fara.

Kafin in sunkuya, Malam ya ɗaga Janar cak ya aza a wuyansa.

"To, Janar, yau ni ne motarka. Ka ja kunnen dama mu yi dama, ka ja na hagu mu yi hagu."

"Birki fa?"

"Hanci. Amma a hankali, guda ɗaya gare ni!"

Haka suka zaga lambun nan, Janar na can sama yana taɓa ganye da hannu, yana ihun a ba shi hanya. Suka jefa wa agwagi ɓawon burodi. Suka hau abin zamiya, Malam ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar, suka sulalo tare suka zube a yashi. Da suka zo lilo, ya zauna ya rungume yaron a cinyarsa, sarƙa na ƙara kamar za ta tsinke.

Mai gadi ya taho da sauri. "Haba, bawan Allah! Wannan ai na yara ne!"

"Yi haƙuri, Baba, ni kujera ce kawai. Ga mai lilon nan."

Tsohon ya dubi Janar, ya dubi ƙafafunsa. Sai ya jingine sandarsa, ya zagaya baya ya shiga tura su da kansa.

Ina zaune a tabarma ina yanka kankana, amma idona na kansu. Rigar Malam ta jiƙe sharkaf, kunnuwansa sun yi ja saboda tuƙi. Ko sau ɗaya ban ga ya waiwayo don ya ga ko ina kallonsa ba. Wannan ne ya fi taɓa ni. Na ga maza masu sayen alewa don uwa ta gani. Shi ya ma manta da ni.

Bayan sun sha kankana, Janar ya yi tsit. Na bi idonsa. Wasu yara ne ke buga ƙwallo a fili.

"Zo mu tafi gida," na ce da sauri.

Amma Malam ya riga ya ɗauke shi. Na bi bayansu.

"Samari, akwai wurin mutum ɗaya?"

Wani mai jar riga ya riƙe ƙugu. "Ai wannan gurgu ne. Ba ya gudu."

Na yunƙura zan tanka masa. Malam kuwa kai ya gyaɗa.

"Gaskiyarka, ba ya gudu. To gola gudu yake yi? Dubi damatsan nan. Kai ka iya ɗaga jikinka duka da hannu?"

Ya cire takalmansa ya ajiye su a matsayin raga, ya zaunar da Janar a tsakani, ya ja da baya.

Ƙwallon farko ta wuce ta gefensa. Yara suka yi dariya. Ta biyu ta zo da ƙarfi ta same shi a fuska, tas!

"Wayyo ɗana!"

Na zabura, Malam ya sha gabana.

"Bar shi."

"Matsa mini! Ɗana ne!"

"Na sani, sanyin idona. Ki dai dubi fuskarsa tukuna..."

Na duba. Hawaye ya cika idon Janar, leɓensa na rawa. Ya goge hanci da bayan hannu, ya gyara hularsa, ya daka tsawa.

"Ku sake bugowa!"

Mai jar riga ya ja baya ya narko ta. Janar ya dogara da hannu ɗaya ya wurga jikinsa gefe, ya rungume ƙwallon a ƙirji, ya mirgina cikin ciyawa.

"Gola! Gola!"

Fili ya kaure. Rediyo na tsalle tana sanar da duk wanda ya wuce cewa ƙaninta ne. Kafin a jima yaran sun fara gardama a kan ɓangaren da zai samu Janar, kuma mai jar riga ya fi kowa ɗaga murya.

Ban san ina kuka ba sai da Malam ya miƙo mini hankici. Muka koma tabarma, daga inda muke hango su.

"Malam, akwai maganar da na zo da ita."

"Tun safe nake ganinta a goshinki. Faɗi."

Na faɗa masa abin da Umma ta ce, ban rage komai ba. Na ce ba zan iya barin Janar ba, kuma ba zan ɗora wa kowa shi ba, don haka gara kowa ya kama gabansa.

Tunda na san shi ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar.

"Ki bar shi? Wa ya ce miki ke kaɗai nake nema?"

"Malam..."

"A'a, tsaya. Makon jiya na sa magini ya fasa matakalar ƙofar gidana, ya zuba gangara. Ya faɗaɗa ƙofar banɗaki. Maƙwabta har tambayata suke ko mota zan riƙa shigarwa falo."

Na saki baki. "Tun kafin in amsa?"

"In kin ƙi, na yi asarar siminti. In kin yarda, ba na son ya kwana ko ɗaya yana jiran a ɗaga shi kafin ya shiga gidansu."

Gidansu... Na maimaita kalmar a raina.

"Zai girma fa. Zai yi nauyi. Wata rana wuyan nan naka ba zai iya ba."

"Ni ma zan tsufa, zuciyata. Ranar sai ya ɗana mini kekensa." Ya dafa bayansa. "Ban ce miki ba zan gaji ba. Yanzu haka bayana kamar an yi mini duka. Amma ke kin gaji, kin ajiye shi?"

Na girgiza kai.

"To ki bari mu riƙa gajiya tare."

Na sunkuyar da kai ina jan zaren tabarma, kunya ta rufe ni kamar ban taɓa aure ba.

"Sai ka je ka faɗa wa Umma da bakinka," na ce a hankali.

"Yau?"

"Ka fara sa takalmanka dai."

Da la'asar muka koma gida. Janar ya yi barci a kafaɗarsa, gwiwoyinsa duk koren ciyawa, leɓensa ya ɗan kumbura. Umma na zaune a tsakar gida. Ta bi su da kallo har ɗaki, ta ga yadda Malam ya durƙusa ya kwantar da yaron, ya gyara masa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya tsince ciyawar da ta maƙale a gashinsa.

Na durƙusa a gefenta. "Umma, ki yafe ni. Ba zan bar miki shi ba."

Ta dubi ƙofar ɗakin. Sai ta kama bakin zaninta ta share ido.

"Ni ma na janye, 'yar nan. Wannan ko na riƙe yaron, zuwa zai yi ya ƙwace shi." Ta ɗaga murya. "Malam, fito mana! Ko sai na aiko maka da takarda?"

Kafin a koma makaranta aka ɗaura mana aure. Mu uku muka tare.