Agogon Madina a Kan Ƙanƙara

A shagon gyaran agogo na mahaifinta da ke unguwar Anbariyya a Madina Ummukulthum ta fara ganin Ja'afaru. Ta kawo wa Baba Hamid abincin rana, ta tarar da dogon saurayi, fatar hancinsa duk ta saluɓe.

"Ya ammi, sanyi ne ya kashe agogon," in ji shi, yana kiran Baba baffa da Larabci. "Can ƙarshen duniya ta kudu muke aiki. Mukan huda ƙanƙarar da ta rufe teku, mu auna kaurinta, mu ga ko ɗumamar duniya na cin ta."

Dariya ta kufce mata. "Haifaffen Madina, ka tafi auna ƙanƙara?"

Idonta kawai yake kallo.

Sau huɗu agogon nan ya sake lalacewa a wata guda. A na biyar manyansa ne suka zo neman aurenta.

Sai Saif, maƙwabcinsu da ya daɗe yana sonta, ya tsegunta wa Baba cewa a can inda Ja'afaru ke aiki rana takan yi wata huɗu ba ta faɗi ba.

"Khalas, magana ta ƙare," in ji Baba. "Wanda ba shi da Magariba ba zan ba shi 'yata ba."

Ta ci kukanta, sannan ta ɗauki waya ta kira Ja'afaru.

"Mai ƙanƙarata, da wane lokaci kake salla a can?"

"Da na Madina, ya galbi, zuciyata. Ban taɓa juya agogona ba."

"To, nuna wa Baba, kada ka tsaya faɗa masa."

Ja'afaru ya koma bakin aikinsa. Tun daga ranar, ladanin Anbariyya na ɗaga murya wayar Baba za ta yi ƙara: "La'asar ta yi, ya ammi. Kauri yau mita biyu."

Da farko tsaki Baba yake yi. Kafin wata biyu ya koma yana ba masu kawo gyara labarin ƙanƙara.

Ran nan aka kira Magariba, shiru. Isha, shiru. Baba ya kasa cin abinci. Sai da hantsi saƙo ya shigo:

"Guguwa ta rufe mu a tanti, waya ta daskare. Amma na yi salla, agogon da ka gyara bai tsaya ba."

Baba ya miƙe zumbur. "Ummu! Rubuta masa ya dawo, wallahi na ba shi!"

A unguwar Bani Harisa aka ɗaura auren, mata suka yi ta guɗa. Baba Hamid, Allah ya ji ƙansa, ya kama hannun ango ya duba agogon. Daidai yake da nasa.

"Allah ya haɗa kanku," ya ce, "a zafi da sanyi."