Muryar Da Ke Kunnen Tela

Auta na tsaye gaban kantar littattafanta tana ƙirgawa da yatsa, karo na uku ke nan. Babu tantama, ɗaya ya sake ɓata, mai jan bangon nan da ta gama shekaranjiya.

"Kin gani ko?" in ji Yaya, babbar yayarta, wadda ta zo wuni ta baje a kujera. "Na huɗu ke nan cikin wata guda. Ko aljanun gidan ne suka fara karatu?"

"Ai suna dawowa, Yaya. Kwana biyu sai in gan su a wurinsu."

"Bayan ta gama karantawa ba! Ke dai Allah ya yaye miki. Mijin da karatunsa bai wuce awon wuya da kafaɗa ba, me zai yi da littafin soyayya in ba wata yake kai wa ba?"

Da ma Yaya ba ta taɓa ƙaunar auren nan ba, tun farko cewa take ina malamar makaranta ina tela. Auta ce ta kafe saboda tana son abinta. To amma a watan nan Tela ya canja, ita ma ta sani. Iyafis ɗin wayarsa ba ya barin kunnensa, sai ka gan shi yana murmushi shi kaɗai. Wayar da ko yaushe take a yashe yanzu har da fasuwod. Ran nan ta kawo masa shayi, ta jiyo siririyar muryar mace kafin ya yi wuf ya kashe. Abin da ya fi ɗaure mata kai, mutumin da iyakar hirarsa "sannu da aiki", shi ne ya dube ta jiya ya ce tunanin idanunta ke hana shi zura zare a allura.

Da ta faɗa wa Yaya wannan, sai ta tafa hannu.

"Shi ke nan! Namiji ba ya canja baki rana tsaka sai da malama. Haɗa kayanki mu tafi gida!"

Hawaye suka zubo wa Auta. Sati uku ke nan Yaya na wannan waƙar, ita kuma tana cewa a dai yi haƙuri. Ta share fuska ta yafa mayafi.

"Ba zan bar ɗakina a kan zato ba. Mu je shagon in ji da kunnena. In gaskiya ne, wallahi ni zan riga ki fita."

Suka same shi ya ba ƙofa baya, ƙafarsa a kan keken ɗinki amma keken a tsaye. A gabansa ga rigar wani bawan Allah an ɗinke mata hannu a birkice. Ga kuma littafin mai jan bango a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli. Kafaɗunsa sai rawa suke. Kuka yake yi!

"Lallai ma! Har kuka take sa ka?" Yaya ta yi tsalle ta fizge igiyar iyafis ɗin daga jikin wayar.

Muryar mace ta cika shagon: "Babi na ashirin da ɗaya. Ko da ta isa tasha, motar ta riga ta tashi..."

Auta ta san wurin nan sarai, ita ma a nan ta jiƙa matashinta da hawaye.

Tela ya miƙe a kunyace yana goge ido da ƙyallen yadi. "Auta, sori. Ranar da muka je gaishe da Ummanku, ke da su Yaya kuna ta hirar littafi kuna dariya, ni kuwa ina zaune kamar buhun tsumma. Na ji Yaya ta ce ku rage, kar ku sa mini ciwon kai. Shi ne duk wanda kika gama nake kai wa maƙwabcina mai gyaran waya, ya duba bangon ya nemo mini na saurare. Ina ɗinki ina ji. So nake in wata ya cika in zauna mu yi irin hirar da kike so."

Yaya ta shiga laluben jakarta, wai ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta fice. Babu wanda ya raka ta.

Kunya da tausayi suka rufe Auta. Da ta bi zugar 'yar'uwa ta haɗa kaya, da ta rushe aurenta a kan mutumin da ke wahalar neman hanyar zuciyarta. Zato mugun abu ne, duk wanda ya yi haƙuri ya bincika kafin ya yanke hukunci ba ya cizon yatsa.

"Ka yafe mini," ta ce. "Amma ka daina kukan nan, ai a ƙarshe motar za ta—"

"A'a! Don girman Allah kar ki faɗa mini! Saura babi uku!"

Ta yi dariya cikin hawaye, ta jawo kujerar kwastoma ta zauna kusa da shi. Ta mayar da igiyar, ta sa masa ɗaya a kunne, ta sa ɗaya a nata, sannan ta ɗauki rigar mutane ta fara warware hannun.