Kafin Jan Ya Bushe

"Kada ka matso."

Auta ba ta ko juyo ba. Buroshi na hannunta, jan fenti na ɗiga a kan tsohuwar jaridar da ta shimfiɗa a ƙasa.

Rula ya ja ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin zane. Tun shekararsu ta farko a makarantar koyon zane 'yan aji suka laƙaba masa wannan suna, saboda doguwar rular ƙarfe da ba ya rabuwa da ita, ga shi kuma shi kansa dogo ne siriri.

"Autata, lafiya?"

"An kai ƙarata wajen Malama."

"Ƙarar me?"

"An ce ba ni na yi zanen nan ba. Wai kai ka ja layukan, ni cike launi kawai nake yi kamar 'yar firamare." Sai a lokacin ta juyo, idanunta sun kaɗa. "Kuma an ce kai ka faɗa da bakinka, kana dariya."

"Gimbiya ce ta gaya miki."

"Ba ruwanka da wanda ya gaya mini. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Wallahi ban faɗa ba."

Ta ɗaga masa wayarta. Hoto ne: ita a sunkuye, hannunsa kuma a kan ƙyallen zane, kusa da nata.

"Wannan ai ranar gwaji ce, na riƙe miki bakin tef. Ba ma wannan zanen ba ne, an yanke hoton ne..."

"Malama ta gani. Ta ce daga yau in wani hannu ya taɓa shi, ba za a karɓa ba. Gobe da safe za a kwashe aikin kowa zuwa baje kolin kammalawa. Ka san ma'anar hakan? In maimaita shekara."

Zanen na kwance a kan babban tebur a tsakaninsu. Babu fuska a cikinsa, babu bishiya, babu gida. Baƙaƙen layuka ne miƙaƙƙu a kan fari, sai murabba'i manya da ƙanana, shuɗi nan, rawaya can. Salon wasu masu zane ne na ƙarnin da ya wuce, waɗanda suka ajiye kamannin abubuwa gefe, suka ce layi da launi sun isa su yi magana. Tun da Auta ta ga irin aikinsu a ɗakin karatu ta kamu. Wata da watanni tana kan wannan, yanzun nan ta gama shafa launi na ƙarshe, babban jan murabba'in tsakiya, tef ɗin takarda na manne a gefunansa huɗu.

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ɗauka.

"Na'am, Abba."

Rula na jiyo muryar daga inda yake tsaye.

"An turo mini wani hoto. Ki taho gida yanzu."

"Abba, ina cikin..."

"Yanzu na ce."

Ta kashe wayar gaba ɗaya, ta jefa buroshin a gwangwani, ta suri jakarta. Da ta zo wucewa ta gabansa ta tsaya.

"Abba ya daɗe yana cewa in rabu da kai, wai mai zanen akwatuna ba miji ba ne. Ni nake kare ka."

"Na sani."

"To ka ji da kyau. In hannunka ya sake taɓa aikina, ko da ɗan yatsa ne, ni da kai mun gama."

Ya bi ta har bakin get yana ba ta haƙuri. Ta tare tasi ta shige, ba ta waiwayo ba.

Ya daɗe a tsaye a bakin titi kafin ya koma ɗaukar jakarsa. Tun daga baranda ya ji ƙarar fanka.

An buɗe tagogin ɗakin duka. An jawo fankar ƙasa an saita ta a kan teburin Auta, an ƙure ta. Gimbiya na zaune a kusurwa ta harɗe ƙafa, tana latsa waya. Ita ma laƙabi aka yi mata, domin ba a taɓa ganin ta wanke buroshinta da kanta ba.

"Wa ya kunna fankar nan?"

"Zafi ya dame ni."

Ya kai ido kan zanen.

Tef ɗin na nan.

Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya sani: ana cire tef tun fentin na ɗanye, shi ne gefen ke fita tas kamar an yanka da wuƙa. In aka bari saman ya yi ɓawo, to tef ɗin zai taso da shi, ya yage layin da aka yi watanni ana lallaɓawa. Auta ta fi kowa sanin haka. Ɓacin rai ne ya mantar da ita.

"Ayya, ta manta," in ji Gimbiya. "Cire mata mana. Ba masoyiyarka ba ce? Kai ma ka fi ta iya cirewa."

Hannunsa ya riga ya tashi. Aikin ɗan lokaci ne kawai, ya san ta inda zai kama, ya san yadda zai ja. Yatsunsa na dab da bakin tef ɗin ya tsaya.

Ta gefen ido ya ga wayar Gimbiya ta ɗago, kyamarar na kallonsa.

Amma ba wayar ce ta tsayar da shi ba. Muryar Auta ce: ko da ɗan yatsa ne.

Ya mayar da hannun bayansa.

"Me ta yi miki?"

"Ita? Babu." Gimbiya ta sauke wayar, muryarta ta sauya. "Tun shekarar farko teburina ke kusa da naka. Ka taɓa tsayawa ka dubi abin da nake zanawa?"

Ya kashe fankar, ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ya rufe.

"Fito, zan kulle."

"Kai wa?"

"Shugaban aji. Makullin na hannuna. Fito."

Ya kulle, ya wuce ofishin Malama kai tsaye, ya ajiye makullin a gabanta.

"Malama, Auta ta bar tef a kan ɗanyen fenti. Ban taɓa ba. Don Allah kada a buɗe wa kowa sai ita."

Malama ta dube shi ta saman tabarau.

"Ka kira ta mana."

"Wayarta a kashe take."

"To tsayuwar me kake yi?"

Abban Auta tela ne. Shagonsa na manne da gidan, kanta a gaba inda masu kawo ɗinki ke tsayawa, labule a bayanta, ɗakin aiki kuma can ciki. Rula bai taɓa ganin bayan labulen nan ba. Sau ɗaya ya zo gaisuwa, a bakin kanta aka sallame shi.

Ya yi sallama yana haki. Abba ya fito da almakashi a hannu, tef ɗin awo rataye a wuya.

"Ban ce kada in sake ganin ƙafarka a nan ba?"

"Ka faɗa, Abba. Shi ya sa na tsaya daga waje."

"Hoton da na gani bai ishe ka ba, sai ka biyo ta gida?"

"Zan amsa duk tambayar da ka yi mini, amma ba yanzu ba. Aikinta na shirin lalacewa. Ta bar tef a jikin fenti, in ya bushe zai yage zanen."

"To ka cire mana. Ba kai ke yi mata ba dama?"

"Ta hana ni taɓawa."

"Sai ka bari ya lalace?"

"Aikinta ne, Abba. Abin da zan iya shi ne in zo in kira ta."

Almakashin ya daina motsi a hannun Abba.

Labulen ya yaye. Auta ce, fuska a kumbure, hannu a ƙirji.

"Innalillahi... tef ɗin."

"An kunna masa fanka bayan tafiyarki. Na kashe, na kulle ɗakin, makullin na wajen Malama."

"Abba, don Allah..."

Abba ya dubi 'yarsa, ya dubi dogon yaron da gumi ya jiƙa wa riga. Ya ajiye almakashin a kan kanta.

"Ni zan kai ta. Kai kuma ka zauna a gaba, inda zan riƙa ganinka."

Hanyar ta cunkushe. Auta na baya tana murza yatsunta, duk danjar da ta tsayar da su sai ta rufe ido.

"Ya yi ɓawo?" ta tambaya a hankali, ba ta ambaci sunan kowa ba.

"Lokacin da na baro shi yana sheƙi tukuna. Gefen fankar ne nake tsoro."

Malama da kanta ta buɗe ɗakin. Gimbiya na jingine a baranda kamar mai jiran wani.

Warin fenti ya tare su. Auta ta tsuguna, ta dangwala yatsa a ɗigon jan da ke kan jarida. Ya kama yatsan, ya yi danƙo.

Ta wanke hannu, ta goge, ta yi bisimilla.

Rula ya koma jikin bango, ya haɗa hannuwansa biyu a baya.

Ta kama bakin tef na farko, ta kwantar da shi baya, ta ja a hankali, tana karkatar da shi nesa da jan. Gefen ya fito tas.

Na biyu ma haka.

Na uku ya ɗan yi gardama, ya saki.

Saura na gefen fanka.

Ta ja kaɗan. Jan ya taso tare da tef ɗin kamar fatar madara.

Ta tsaya cak.

"Ya kama..." Ba tare da ta sani ba ta ɗago ta dubi Rula.

Jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma bai motsa ba.

"Kin san abin yi," ya ce.

Ta ja numfashi.

"Reza. Wa ke da reza?"

Abba ya laluba aljihun gaba, ya zaro sabuwa a cikin takardarta, irin wadda yake farke ɗinki da ita. Ya miƙa mata.

Ta ɗora bakin rezar daidai inda tef ya haɗu da fenti. Ba rula, ba mai riƙe mata komai. Ta riƙa yanka ɓawon kaɗan kaɗan, tana ɗaga tef ɗin a bayansa. Gumi ya taru a haɓarta, ta kawar da kai don kada ya ɗiga a kan zanen. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙarar tef ɗin yana saki.

A kusurwar ƙarshe wani ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa ya bi tef ɗin.

Shi ke nan. Sauran layin ya miƙe sambal.

Ta zauna a kan kujera.

Abba kuwa ya zagayo teburin. Ya karkata kai, ya ja baya, ya sake matsowa.

"Auta."

"Na'am, Abba."

"Wannan jan... teburin yankana ne?"

Ta ɗago da sauri.

"Shuɗayen nan biyu kekunan ɗinki ne. Ga ƙofa nan." Yatsansa na yawo a iska, bai taɓa ba. Ya tsaya a kan wani siririn rawaya da ya maƙale a lungu. "Wannan kuma bayan kabad ne, inda kike ɓuya ki yi barci a kan ƙyallaye, uwarki na ta nemanki a gida."

"Na so in nuna maka ranar baje kolin," ta ce, hawaye na zubo mata.

Abba ya yi gyaran murya, ya juya wajen Malama.

"Malama, ɗakin aikina ne wannan, kamar an hango shi daga sama. Yaron nan bai taɓa shiga ba. Ni na hana shi."

Malama ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta leƙa baranda, ta dubi Gimbiya.

"Ke, ki same ni a ofis. Ki taho da wayarki, ina son ganin asalin hoton nan, ba wanda aka yanke ba."

Takun Gimbiya ya yi nisa a hankali.

Abba ya dubi Rula, wanda har yanzu ke manne da bango.

"Kai, dogo, hannun nan zai sage. Sauke shi."

"Sai ta ce, Abba."

Auta ta miƙe. Ta tattara tef ɗin da ta cire, ta dunƙule shi, ta tako har gabansa.

"Na yarda da maganar wata a kanka," ta ce ƙasa ƙasa. "Ka yafe mini."

"Ya wuce, Autata."

"To kawo hannun."

Ya miƙo. Ta ɗora masa dunƙulen, ɗanyen jan ya ɓata masa tafi.

"Kwandon shara na bayan ƙofa," ta ce, tana dariya tana share ido.

Abba ya karkaɗa makullin mota.

"Gobe in an kwashe zanen ka biyo ta shago. Ka shigo ciki, ka ga ko ta auna teburin daidai." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Kuma ka ce wa babanka ina son ganinsa."

Rula ya tsaya da jan tafinsa a buɗe, ya rasa inda zai sa shi.