Auta da Surin Bakin Gona

A wani ƙauye kusa da Dumega akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke ce mata Auta. Ba ta da mugunta ko kaɗan, amma akwai ta da gaggawa. Ko fura aka ba ta ta dama, sai an sha da gudaji.

Da farkon damina, kakarta Ajuma ta sa wa wata kaza ƙwan zabi. Kaza ta kwanta a kai har ta ƙyanƙyashe. 'Yan zabi goma suka fito, ƙanana, masu zane a ka. Kaka ta ce na Auta ne, in dai za ta iya riƙonsu. Auta ta yi ta murna, don ba ta taɓa mallakar abu mai rai ba.

Riƙon ɗan zabo kuwa sai da gara. Tsaki kaɗai ba ya riƙe shi. Don haka Kaka ta kai ta bakin gonarsu, inda wani tsohon suri yake tsaye, ja wur, ya fi Auta tsawo. Ta nuna mata yadda ake yi. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife a gindin suri. Da sassafe a ɗaga, a tarar gara ta cika ta.

"Abin da ya shiga tukunya naki na," in ji Kaka. "Na cikin suri, nasu na. Kin jiya?"

Auta ta ce ta ji. Amma rabin hankalinta yana wajen 'yan zabinta.

Da fari abin ya yi daɗi. Daga baya ya fara isarta. Kullum sai ta je gona kafin ta tafi lakwal, wato makaranta, kuma kullum sai ta makara. Malaminsu Munkaila, wanda suke kira Mushe, wato malam, ya sa ta sharar fili har sau biyu. Auta ta ji haushi. Ta ce a ranta, ina amfanin roƙon gara da tukunya, ga rumbunsu nan tsaye?

Ran Asabar ta ɗauki dagin babanta da bokiti, ba ta gaya wa kowa ba. Ta hau surin da sara. Manyan gara masu jan kai suka yi ta cizon ƙafarta, ba ta fasa ba. Ta ga ɗakuna da hanyoyi a ciki, ta rushe su. Can ƙasa ta tarar da wani dunƙulen yumɓu mai tauri. Da ta fasa, sai ga wata aba fara, mai laushi, ta kai babban yatsa, ko motsi ba ta iya yi. Auta ba ta san mece ce ba. Ta jefa ta bokiti, a gida kaza ta haɗiye ta.

Ranar 'yan zabi suka ci har suka kasa tafiya. Auta ta ga ta fi kowa wayo.

Washegari sauran garar bokiti ta mutu, ta yi wari. Auta ta koma gona ta kifa tukunya. Da ta ɗaga, gara kaɗan ta samu. Tururuwa sun shiga surin da ta fasa, suna ta jan mazauna ciki. Aka yi ruwa, abin da ya rage ya zube. Daga nan ko ta ɗaga tukunya, sai kashin shanu kawai.

'Yan zabi suka fara saukar da fukafukai. Suna bin kaza suna kuka ƙasa-ƙasa. Wata safiya Auta ta tarar ɗaya ya mutu. Kashegari biyu. Ta riƙa binne su a bayan rumbu tana hawaye. Tsoro da kunya suka hana ta magana.

Kaka dai ba yarinya ba ce. Ta ɗauki sandarta ta ce Auta ta raka ta gona. Da ta ga tulin jar ƙasa a inda suri yake, ta tsaya ta dube shi. Sannan ta zauna a ƙasa.

"Kin ga wata aba hwara can ciki?" ta tambaya.

Auta ta ce ta gani, kuma kaza ta cinye.

"Uwarsu ta," in ji Kaka. "Ita ɗai ka haihuwa. Tun da anka kawo ni garin ga na ishe surin nan. Uwar kakanki nan take kihe tukunya tata."

Ba ta dake ta ba, ba ta zage ta ba. Auta ta so a ce dukanta aka yi, da ya fi mata sauƙi.

A lakwal, Mushe Munkaila ya lura Auta ta daina makara, amma ta daina dariya. Ya kira ta gindin bishiya, ta gaya masa komai. Ya ce mata ta ramukan gara ruwan sama ke shiga ƙasa. Ya ce damo da bushiya suna fakewa a tsohon suri, tsuntsaye kuma suna ci daga gare shi.

"To, Mushe, duk don mu anka yi su?" in ji Auta.

"A'a," ya ce. "Rayuwa tasu suke yi, kamar yadda kike yin taki. Su gari na, mu ma gari na. Maƙwabta muke, ba mu muka mallake su ba."

Auta ta koma gida. 'Yan zabi uku suka rage mata, su ma ƙafarsu na rawa. Kaka ta aike ta rugar Modibbo, wani makiyayi da ke da suri a bayan garkensa. Ya yarda ta riƙa kifa tukunya. Rugar na da nisa, garar kuma ba yawa. Auta ta riƙa zuwa ba ƙorafi.

Wata rana aka yi ruwa mai yawa da la'asar. Da ya ɗauke, Auta da Kaka suka je duba shuka. Sai ga shinge, wato gara masu fukafukai, suna tasowa daga wajen rugar. Suna sauka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, suna zubar da fukafukai, suna bin juna biyu-biyu. Ba abin da ɗan zabo ke so kamar shinge. Auta ta cire kallabinta da sauri, za ta kwashe su duka.

Sai ta tsaya. Ta tambayi Kaka ina suke zuwa biyu-biyu haka.

"Gida za su kahwawa," in ji Kaka. "Wadda ta tsira, ita ka zama uwa."

Auta ta tuna 'yan zabinta masu yunwa. Ta dubi ƙasa. Ta tsinci cikin tafi ɗaya ta ƙulle a kallabi, ta bar sauran. Tana kallo wasu biyu suka tona ɗan rami a bakin gona suka shige. Ta jawo ƙaya ta kewaye wurin don kada dabba ta taka.

'Yan zabin nan uku suka rayu, suka girma, har suka ishi unguwa da kuka. Da lokacin girbi ya yi, aka ga ɗan tudun jar ƙasa a cikin ƙayar, bai fi dunƙulen hannu ba. Auta ta ruga ta kira kakarta.

Tsohuwa ta duƙa ta daɗe tana kallo. Ta yi murmushi.

"Ni ba ni ganin girmanai," ta ce. "Amma ke kina gani, in Allah ya so. Ki bar shi ya girma."

Tun daga nan Auta ta gane cewa duniya ba ta mutane kaɗai ba ce. Kowace halitta tana da gidanta da ranta. In za mu ɗiba, mu ɗebi abin da muke bukata, mu bar musu sauran su rayu.